Layin da Na Bar wa Baba Ƙasimu

Litinin, 9 ga Satumba, bayan sallar asuba

Mildred ce ta kawo min littafin nan. Wai a horon da aka yi mana a Kaduna an ce duk mai shirya aji ta riƙa rubuta abin da ta yi kullum: gida nawa ta shiga, mutum nawa suka yarda, me ya hana sauran. Shekara talatin da ɗaya ina bin littafin 'ya'yan mutane da jan biro, yau na yi ritaya an ba ni aikin gida.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko don in tuna wa kaina. Aji za mu buɗe na iyaye, kowace Asabar har sau goma sha shida, a Islamiyyar bakin lungunmu nan Kwarbai. Uwa, uba, kaka, duk mai riƙon yaro. Za a koyi wane ofis ne ke da alhakin me, yadda ake rubuta koke, da yadda mutum zai tsaya gaban kansila ya yi magana ta minti uku bai rikice ba. Ƙungiyar da ta kawo shirin ta ce suna ashirin take so kafin Juma'a 27 ga wata, in ba haka ba a mayar da ajin can unguwar Tudun Jukun. Ni da Mildred ne masu koyarwa. Shekara tara muka yi a firamare ɗaya, tun daga Wusasa take zuwa, kuma har yau ba ta taɓa makara ba, abin haushi.

Sunayen da muke da su uku ne. Malam maigidana, wanda bai ma san na rubuta shi ba, da surukan liman guda biyu da suka ji an ce akwai abincin rana.

Yau kwana ashirin da bakwai da faɗuwar katangar gidan Rabi maƙwabciyata. Ba wannan aka ce in rubuta ba.

Talata, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Gida shida. Suna ko ɗaya.

Ko'ina an shimfiɗa mana tabarma, an kawo ruwa, an tambayi Mildred mutanen gida, sannan aka ce sai maigida ya dawo. A gida na shida maigidan na nan. Malam Bahago mai ɗinkin hannu yana zaune a zaure da wuyan babbar riga a cinya, ko kai bai ɗago ba ya gama da mu.

"Malama, koyon rubuta takarda? Ai mun rubuta. Tun watan shida muka rubuta a kan kwalbatin nan da ya toshe, muka ce ruwa na cin gindin katangar Isma'ila mijin Rabi. Gida goma sha ɗaya muka sa hannu. Ke kika tsara, ke kika kai ofis. Me ta yi mana? Ta hana katanga danne yarinyar mutane?"

Mildred ta ce, "Malam Bahago, ai shi ya sa ake so a koyi bin sawu. In an kai takarda sai an koma, an sake komawa."

Ya ce, "Madam, wadda Malama Asma'u ta tsara da Turancinta ma sun watsar, balle tawa."

Ni dai allurarsa nake kallo tana shiga tana fita. A hanya Mildred ta ce yau bakina ya yi nauyi. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 11 ga Satumba, da hantsi

Na share ɗaki, na goge kabad. Kwallar nan mai jan murfi da ke sama, na tsallake ta.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan azahar

Katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidanmu da ta Rabi, ba wadda ta faɗi ba, ta ciki. Akwai wurin da ta yi ƙasa kusa da murhuna. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da gulma, shekara goma sha tara ke nan, tun da aka kawo ta gidan Isma'ila tana yarinya ko tuwo ba ta iya kwashewa ba. Na ɗauke ta ƙanwar rana. Duk lungun nan Malama ake ce min, ita kaɗai ke ce min Yaya.

A hannuna aka haifi Fa'iza. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa jin sunanta a bakin Rabi ba, kunya ba ta bari. Sai dai ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, 'yarki ta ƙi cin abinci." "Yaya, 'yarki ta zo ta ɗaya." Shekara goma sha shida ina amsa cewa 'yata ce.

Ranar Talatar nan da aka yi ruwan la'asar, shanya Fa'iza ta fita kwashewa a gindin katangar waje.

A zaman makoki Rabi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Aka yi ta yaba haƙurinta. Ni na zauna kusa da ita har kwana bakwai, tun daga nan ƙafata ba ta sake taka gidan ba. Kullum ina ɗora kwanon abinci a kan katanga, da safe in tarar da shi a wanke. Ina kewarta kamar me, ga ta nan taku goma tsakaninmu.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Mun je mun duba ajin Islamiyya. Benci goma sha biyu, biyu sun karye. Mildred ta ce a ware ɗakin baya da tabarmi don yara, kada wata ta ce goyo ne ya hana ta. Ta tsara wa zai dafa, ta tsara wa zai share, har allon suna ta yanka da kwali. Ni na riƙe mata tsani.

Suna biyar yanzu. Matan da muka bi duk bakinsu ɗaya: ba za a ga suna zarya zuwa aji da littafi a hammata ba alhali Maman Fa'iza na cikin ɗaki. In ta shiga sun shiga. Mazan kuwa maganar Bahago suke maimaitawa, an rubuta, ba a yi komai ba.

Mildred ta ce, "Asma'u, ƙanwarki ce. Ki je ki same ta mana."

Na ce a bari a yi arba'in.

Lahadi, 15 ga Satumba, da rana

An yi ruwa. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon yadda yake taruwa a bakin kwalbatin. Har yanzu a toshe yake.

Talata, 17 ga Satumba, bayan magariba

Yau muka je wurin Baba Ƙasimu. Shi ne babban lungun nan, ya haura tamanin, shi ya yi wa mahaifina wanka da ya rasu. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a nan sai ya zauna, kuma ba a rubuta sunan kowa a saman nasa, ko a jerin masu karɓar naman layya ne. Wata ɗaya da rabi ya yi a Kano wurin ɗansa, an yi masa aikin ido. Bayan rasuwar Fa'iza da kwana huɗu ya dawo.

Ya saurari Mildred har ta gama, ya ce abu ne mai kyau, shi ma zai zo ya zauna ko bai gane ba. Har na fara jin sanyi. Sai ya juyo da sabon tabaransa ya dube ni.

"Asma'u, ina da ƙorafi a kanki. An ce kun rubuta wa hukuma takarda a kan kwalbati, kowa ya sa hannu, ba a jira ni ba. Don na tsufa? Da sunana na sama, wataƙila da sun ji kunyar furfurata."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

Ya ce, "Na haƙura, 'yata. Amma gaba a riƙa tunawa da manya."

Ban san yadda na fito daga zauren ba. Takalmina ma Mildred ce ta juyo min da shi.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Ban je ko'ina ba. Na ce wa Mildred zazzaɓi.

Laraba, bayan la'asar

Ta zo. Ta taɓa goshina ta ce wannan zazzaɓin a bakina kawai yake. Na tashi na sauko da kwallar, na ɗaga takardun fansho, na miƙa mata abin da ke ƙasa.

Ta karanta. Ta juya shafi na biyu, ta bi sunayen da yatsa daga ƙasa zuwa sama, goma sha biyu, goma sha ɗaya, har zuwa biyu. Layi na ɗaya babu komai sai lamba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Asma'u, ba ta je ba?"

Ba ta je ba. Ranar da muka gama tara hannu, washegari aka tafi da Baba Kano. Aka ce sati ɗaya. Na ce ba zan kai takardar lungu da sunan Bahago a sama, na Baba babu ba, in ya dawo ya ji da wane ido zan kalle shi. Sati ɗaya ya zama biyu. Isma'ila ya tare ni a hanya ya ce Malama an kai? Na ce ana nan ana kai. Ya ji kamar na ce an kai, ni kuma ban gyara masa ba. Sau biyu na saka ta a jaka. Sau ɗaya har na kai bakin titi, na tuna layin nan, na juyo. Na ce ai damina ta saba zuwa ta wuce katangar na tsaye.

Mildred ta ce, "Rubutun wa ne wannan? Ba naki ba ne."

Na ce idona ba ya ganin layi sosai yanzu, sai na ba 'yata Fa'iza ta kwafe min da hannunta mai kyau.

Nan ta rufe bakinta da hannu. Awakin Malam na ta kuka ba wanda ya tashi.

Daga baya ta ce, "Ki saurare ni. Ko da kin kai, wa ya ce za su zo a wata ɗaya? Kin san ofis."

Na ce na sani. Amma ban ba su damar ƙi ba. Kuma ga shi duk lungu sun yarda rubuta koke aikin banza ne, saboda takardar da ke cikin kwallata.

Ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ba zan iya tsayawa kusa da ke kina koya musu bin sawun takarda ba, wannan na ƙarƙashin fanshonki. Ki yi tunani."

Tana da gaskiya, shi ya sa na ji haushinta.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan sallar asuba

Na faɗa wa Malam. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce kwanan yarinya ne ya ƙare, takarda ba ta ƙara wa kowa numfashi. Na ce na yi imani da haka. Ya ce to in bar wa cikina, kada in fama wa baiwar Allah ciwon da ya fara kamewa, mu da za mu ci gaba da zama katanga ɗaya har mutuwa.

Na ce, "Malam, kullum tana wanke min kwano."

Ya miƙe. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In za ki, ki bari a yi sadaka tukuna."

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Gida huɗu. Suna bakwai. Mildred ce ke magana, ni ina riƙe jaka.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan azahar

An yi sadakar arba'in. Na shiga da asuba na kama tuyar waina, don in samu inda zan sa idona. Gefen da katangar ta faɗi an kare shi da langa-langa. Igiyar shanyar na nan, ba wanda ya kwance ta.

Rabi ta rame, zobenta har juyawa yake. Da mutane suka ragu ta zo ta tsuguna kusa da ni a bakin murhu, ta ce, "Yaya, kin guje ni." Na ce aikin ajin nan ne. Ta ce ta ji labari, wai mata na jiran ta. Ta ce, "Me zan koya? Ke da kika fi kowa sani kin rubuta, sun yi banza da ke. Ni wa zai saurara?"

Wainar da ke kasko ta ƙone. Ita ce ta karɓi tsinken ta juya.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Na je.

Ta ƙofa na bi, na yi sallama kamar baƙuwa. Isma'ila na shago, ƙannen Fa'iza na makaranta. Tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a ƙasa, ta ce Yaya hau tabarma mana, na ce nan ya yi. Duk maganar da na kwana biyar ina shiryawa ta gudu. Sai na ciro takardar na ajiye a gabanta.

Rubutun ta fara ganewa. Ta goge hannunta a zani sau biyu kafin ta ɗauka. Ba ta iya Turanci sosai ba, amma ta bi kowane layi da yatsa har ƙasa. Ta ce, "Sun dawo miki da ita?"

Na ce ba ta je ba. Na faɗa mata duka, da Baba, da layin, da bakin titi, da abin da na ce wa mijinta. Ban rage ba, ban kuma kawo maganar ƙaddara ba, wannan ita ce ke da ikon faɗa.

Ta ce, "Sati nawa?"

Na ce shida.

Ta ce, "Kullum ina miƙo miki gishiri."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Saboda layi ɗaya."

Na so ta yi ihu, ta zage ni, ta jefe ni da farantin. Ninke takardar ta yi a hankali yadda take a ninke, ta saka cikin rigarta, ta ja farantin ta ci gaba da tsintar shinkafa. Tsakuwa da shinkafa duk waje ɗaya take zubawa. Na ce Rabi ki yafe min. Ta ce, "Rana ta yi, yara sun kusa dawowa."

Talata, 24 ga Satumba, da safe

Kwanon na kan katanga yadda na ɗora shi. Tururuwa ta shiga.

Laraba, 25 ga Satumba, da safe

Haka.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Mildred ta kira taron bayani a Islamiyya da la'asar, na ƙarshe kafin a miƙa sunaye. Mutum kusan talatin, maza a gaba, mata a baya. Ba kowa daga gidan Isma'ila. Ashe ba su faɗa wa kowa ba, don Bahago na samun dama ya sake ɗauko maganarsa ta an rubuta ba a yi komai ba.

Na miƙe. Ni da zan koya wa mutane magana ta minti uku, yau ga tawa ta zo. Na ce takardar ba ta taɓa zuwa ofis ba, a ɗakina ta kwana sati shida, ina jiran Baba ya dawo ya sa hannu a layin farko. Na ce duk wanda ya ce hukuma ta yi banza da mu a kan wannan, ni ce na sa shi faɗar abin da ba haka ba.

Wata a baya ta yi salati. Bahago kuwa cewa ya yi, "To ai Malama, ko ni ne haka zan yi. Wa zai hau saman Baba?" Mutum biyu suka ce ƙwarai. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Baba Ƙasimu ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ashe ni aka jira." Ya sake cewa, "Ashe ni aka jira." Ɗansa ya kama shi suka fita. Tsoho ɗan tamanin na ɗora wa kaya, bayan wanda na ɗora wa Rabi. Ban yi tunanin wannan ba sai da na ga bayansa.

Surukan liman sun ce a cire sunansu. Wasu uku sun ce a saka nasu, ban san dalili ba.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan azahar

Suna takwas. Mildred ta buga wa mutanen ƙungiya waya a gabana, ta yi Turanci, ta yi Hausa, ta yi magiya. Sun ce a buɗe ranar Asabar 5 ga Oktoba kamar yadda aka tsara, a ƙirga waɗanda suka zo. In ba su kai ashirin ba, shi ke nan.

Na ce mata ta nemi wata ta koyar a madadina. Ta ce, "Wa? Duk garin nan wa ya fi ki sanin abin da jira yake ci?" Matar nan ba ta iya lallashi ba, haka take tun muna koyarwa a firamare.

Lahadi, 29 ga Satumba, da yamma

Na daina ɗora kwano. Malam ya ce almubazzaranci ne. Na dafa daidai cikinmu, sai na ga tukunyar ta yi min ƙanƙanta.

Laraba, 2 ga Oktoba, da hantsi

Isma'ila ya kawo magina. Sun tayar da katangar waje da bulo. Da suka gama, sai na ji su a ta ciki. Ina zaune a bakin murhu ina kallo aka jera bulo uku a wurin nan da ya yi ƙasa, aka shafe da siminti. Maginin ya leƙo kafin ya ɗora na ƙarshe ya ce, "Hajiya, sannu da gida." Na ce yawwa, sannu da aiki.

Wataƙila gyara ne kawai, tunda ga magina ga siminti. Haka Malam ya ce.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun wanke aji. An gyara bencin nan biyu. Na ja layi a takardar rajista da rula, na sa lamba ɗaya zuwa talatin. Mildred ta ce talatin ta yi yawa. Na ce hannuna ne ya ƙi tsayawa.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Ƙarfe goma aka ce. Goma da rabi mutum shida ne, Mildred na ta gyara allon sunan da ba abin da ya same shi. Sai suka fara shigowa bibbiyu. Na san rabinsu kallona suka zo yi, ban damu ba, benci dai ya cika.

Takardar rajista na kan tebur a bakin ƙofa. Bahago ne ya fara ɗaukar biro. Ina tsaye ina kallo ya tsallake layi na ɗaya ya rubuta sunansa a na biyu. Na bayansa ya bi na uku. An ce Baba na hanya, ana neman wanda zai riƙo shi. Mutum ashirin da ɗaya suka rubuta, duk sun ji abin da na faɗa ranar Alhamis, kuma ba wanda hannunsa ya iya taɓa layin nan. Ina jin da ni ce da biron, da na sake tsallakewa.

Har Mildred ta fara gaisuwa sai kowa ya waiwaya. Rabi ce a bakin ƙofa da hijabinta mai ruwan toka, ita kaɗai. Rabonta da fita tun ranar. Ta dubi takardar, ta daɗe. Matar da ke kusa ta nuna mata ƙasa, ta ce, "Nan, Maman Fa'iza, ashirin da uku."

Ta ɗauki biro ta kai hannu can sama. Rubutunta a hankali yake, aji shida ta tsaya, muna jin ƙarar biron a kan tebur. Rabi Isma'ila, a layi na ɗaya. Ta ajiye biro ta wuce ta zauna a bencin gaba, wanda aka bar wa Baba.

Ba a jima ba aka shigo da shi. Bahago ya tashi da sauri yana rarraba ido. Baba ya sa aka karanta masa takardar daga sama. Ya ce, "Ina ne ƙarshe?" Aka nuna masa. Ya dangwala yatsa a layi na ashirin da uku, ya ce a kai shi bencin baya, can ya fi iska.

Darasin farko, kowa zai tashi ya faɗi sunansa da wanda ya zo dominsa. Mildred ta ce a bi rajista. Na so in hana, na makara.

Rabi ta miƙe. Ta riƙe bakin hijabinta. Ta ce, "Sunana Rabi." Sannan ta ce, "Na zo ne saboda Fa'iza."

Shekara goma sha shida ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Sai kukan da ba ta yi a makoki ba ya zo, a tsaye, a gaban maza, ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Ni na juya ina goge allon da ba a rubuta komai a kai ba.

Da aka tashi ina tattara alli ta zo ta tsaya, tebur a tsakaninmu. Ta ciro takardar daga rigarta. Na ga an cike layin farko, da irin rubutun da ke rajista.

Ta ce, "Kwalbatin na nan a toshe, kuma akwai yara a gidan Bahago. Ranar Litinin zan kai. Ban san ƙofar ba. Ki zo ki nuna min, ni zan shiga."

Na ce to. Na ce, "Rabi..."

Ta ce, "Ban iya ba tukuna. Kada ki tambaye ni." Ta mayar da takardar cikin riga, ta gyara hijabi. "Ƙarfe tara. Sai Litinin, Malama."

Mildred ta ce in rubuta adadi don mutanen ƙungiya. Mutum ashirin da uku. Aji ya tsaya a Kwarbai.

Malama ta ce min, ba Yaya ba.